Yadda ake kama fakitin da kake nema kaɗai idan netwok ya ƙi tafiya

Duk wanda ya ɗan jima a harkar netwok ya san wannan kiran: "Malam ka leƙo, intanet ba ya yi." Ka je ka tarar intanet ɗin lafiyarsa ƙalau, WhatsApp na shiga, YouTube na buɗewa, manhaja ɗaya ce kawai da suke shigar da bayanai ta ƙi haɗuwa da sabarta, sai juyi take yi har ta gaji. Ka yi ping ya amsa, ka kashe rauta ka kunna shiru kake ji, daga nan sai a fara canki-canka, wannan ya ce kamfanin intanet ne wancan ya ce Windows ce ta yi sabuntawa da daddare. Ni idan an kai nan daina tambayar mutane nake yi, in je in saurari fakitin da ke bi ta kebul ɗin, wato ƙananan ƙunshin bayanan da na'urori ke aika wa juna, in ga wa ya yi magana, wa ya ƙi amsawa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi da farko, ni ma na yi shi, shi ne buɗe Wireshark, manhajar kama fakiti da nuna su, a danna farawa ba tare da filtar da za ta tace su ba. Kafin minti biyu layuka sun cika allo suna gudu, kamar ka shiga tsakiyar Kasuwar Kurmi kana so ka ji muryar mutum ɗaya. Don haka abin da zan nuna maka shi ne kamu na musamman, na'ura ɗaya, saba ɗaya, ƙofa ɗaya.

Kayan aiki

- Laftof mai ƙofar kebul, idan babu ka nemi adaftar USB zuwa Ethernet. Kar ka dogara da Wi-Fi don wannan aikin.
- tcpdump, manhajar kama fakiti da ake buga wa umarni a taminal. Yana zuwa da macOS, a Ubuntu ko Debian kuma `sudo apt install tcpdump`. Tsoho ne sosai, tun 1988 Van Jacobson da abokan aikinsa suka rubuta shi a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka, har yau kuma shi ne abin da za ka fi samu a kan saba.
- Wireshark don karantawa. Kyauta ne. Gerald Combs ya fara shi a 1998 da suna Ethereal, aka canja sunan a 2006, shi ya sa za ka ga tsofaffin rubuce-rubuce suna cewa Ethereal. A Windows yana buƙatar Npcap, yana zuwa cikin instola ɗin, kar ka cire alamar.
- Izinin adimin ko sudo a na'urar da za ka yi kamun.
- Kebul guda biyu masu lafiya, da takarda da biro. Da gaske nake maganar biro.
- Izinin mai netwok ɗin. Kama zirga-zirgar mutane ba da izini ba laifi ne, a Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shi, kuma ko ba doka ba cin amana ne.

Mataki na 1: rubuta tambayarka kafin ka taɓa komai

A takarda ka rubuta abu huɗu: adireshin IP na kwamfutar da ke kuka, adireshin inda take son zuwa, lambar ƙofa (port, lambar da manhaja ke sauraro a kai, ba ramin kebul ba), da kuma hanyar aikawa, TCP ne ko UDP. Adireshin kwamfutar `ipconfig` zai ba ka a Windows, `ip a` a Linux. Na saba kuwa `nslookup` da sunan sabar. Ƙofa in ba ka sani ba, yanar gizo 80 ko 443 ne, DNS (mai juya suna zuwa adireshi) 53, SSH (shiga saba daga nesa) 22, RDP 3389, MySQL 3306, SQL Server 1433, DHCP (mai raba wa na'urori adireshi) 67 da 68. In manhajar tasu ce ta daban, ka buɗe ta ka buga `netstat -ano` a Windows ko `ss -tnp` a Linux, za ka ga inda take ƙoƙarin zuwa, galibi da SYN_SENT a gefe in ta maƙale.

A misalina kwamfutar ita ce 192.168.88.25, sabar 203.0.113.10, ƙofa 443.

Wani abu kafin ka wuce: in ka ga adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, kar ka wahalar da kanka da saba, ba ta ma samu adireshi daga DHCP ba, matsalarka daga tushe take.

Mataki na 2: zaɓi inda za ka tsaya

Nan ne mutane da yawa ke ɓata awa guda ba su gane dalili ba. Ka haɗa laftof ɗinka a suwic ɗaya da kwamfutar da ke da matsala, ka sa filta daidai, amma allo wayam. Dalili kuwa suwic ba ya aiko maka da fakitin wani, kowace ƙofa abin da ya shafe ta kawai take samu, sai ƴan sanarwar da ake watsa wa kowa irin su ARP, tambayar da na'ura ke yi don gano mai wani adireshin IP. Haka Wi-Fi, naka kawai za ka gani.

Mafi sauƙi ka yi kamun a kan ita kwamfutar da ke kukan. In ba zai yiwu ba, kamar firinta ce ko kyamarar CCTV ko na'urar POS mai kebul, to ka tsaya a rauta tunda ta nan komai zai bi in zai fita waje. In kuma zancen tsakanin na'urori biyu ne na cikin gida ɗaya, rauta ba zai gani ba, sai ka yi madubi a suwic, Cisco na kiransa SPAN wasu kuma port mirroring, wato ka ce wa suwic duk abin da ya bi ta ƙofa 5 ya kwafo shi zuwa ƙofa 8 inda laftof ɗinka yake. Suwic ɗin dole ya zama irin wanda ake iya shiga a saita. In naku irin na jona-ka-tafi ne, ka ajiye ƙaramin suwic mai ƙofa 5 da ke yin madubi a jakarka, ka soka shi tsakanin na'urar da bango. Ni ba na fita aiki ba tare da shi ba.

Mataki na 3: gano katin netwok da za ka saurara

```
sudo tcpdump -D
```

Zai jero maka katunan, eth0, enp3s0, wlan0, tun0 da sauransu. In ba ka da tabbacin wanne fakitin ke bi, a Linux ka tambaya kai tsaye: `ip route get 203.0.113.10`, zai faɗa maka katin. Ka lura da wannan sosai in akwai VPN a kunne, don zirga-zirgar ta tun0 ko wg0 take bi, in ka saurari eth0 fakitin da aka lulluɓe kawai za ka gani, filtarka ta adireshin saba ba za ta kama komai ba. Akwai `-i any` da ke sauraron dukka a Linux, yana da amfani a rauta, sai dai fakiti ɗaya zai iya fito maka sau biyu, shiga da fita, kar ka ɗauka maimaitawa ce.

Mataki na 4: rubuta filta

Mafi ƙanƙantar umarni da ke da amfani:

```
sudo tcpdump -i eth0 -nn 'host 203.0.113.10 and port 443'
```

Wannan `-nn` ɗin kar ka manta da shi. Ba tare da shi ba tcpdump zai riƙa tambayar DNS sunan kowane adireshi, ya yi nauyi, kuma ya ƙara nasa fakitin cikin abin da kake kallo. Kalmomin filta ba su da yawa: `host` na'ura ɗaya, `net 192.168.88.0/24` unguwa guda, `src` da `dst` in kana son gefe ɗaya, `port` da `portrange 5060-5070`, sai `tcp`, `udp`, `icmp`, `arp`, ka haɗa su da `and`, `or`, `not`.

Shawarata ka guji `src` da `dst` da farko. In ka sa `dst host` tafiya kawai za ka gani ba dawowa, sai ka yanke hukunci saba ba ta amsawa alhali kai ne ka toshe kunnenka.

To ga inda nake so ka tsaya ka karanta a hankali. Filta in ta yi faɗi ka nutse, in kuma ta yi matsi da yawa sai ta jefar da ainihin shaidar da kake nema. Abu uku ne suka fi faɗuwa. Na farko ICMP, wato saƙonnin ping da na kuskure: idan wani rauta a tsakiyar hanya ya ƙi wucewa da fakitinka, shi ne zai aiko saƙon kuskure da nasa adireshin, ba da adireshin saba ba, don haka `host 203.0.113.10` ba zai nuna maka ba. Na biyu DNS: wataƙila kwamfutar ba ta ma samu adireshin sabar ba, ko an ba ta wani daban. Na uku ARP: in kwamfutar ba ta san adireshin MAC (lambar katin netwok) na rauta ba, babu fakitin da zai bar ta ko ɗaya. Shi ya sa filtar da nake fara aiki da ita a kan kwamfutar mai matsala ita ce wannan:

```
sudo tcpdump -i eth0 -nn '(host 203.0.113.10 and port 443) or icmp or arp or port 53'
```

Baka-biyun nan ka saba da sa su. A wannan yaren filta `and` da `or` ƙarfinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama ake karanta su, ba kamar yadda ka saba a furogiramin ba. Kuma ka rufe filtar duka da alamar zance guda-guda, in ba haka ba shell zai cinye bakan ya ba ka kuskure.

Sauran tarkunan da na faɗa cikinsu:

Ka sa `tcp port 443`, ka buɗe shafin Google ko YouTube a Chrome, ba ka ga komai ba. Burauzar QUIC take amfani da shi, wanda ke bi ta UDP 443. Ka bar `port 443` kawai zai kama duka biyun.

Ka sa adireshin IPv4 alhali na'urar IPv6 ta zaɓa. Duba ko `nslookup` ya ba ka adireshi mai ɗigo biyu-biyu, in ya bayar ka ƙara shi da `or host`.

Kana kan ƙofar suwic da ke ɗauke da VLAN (netwok da aka raba gida-gida a kan suwic ɗaya), fakitin suna da tambari, filtar talakawa ba ta ganinsu. Sai ka rubuta `'vlan and host 203.0.113.10'`, ka ƙara `-e` don ka ga lambar VLAN ɗin da adireshin MAC.

Ka shiga saba ta SSH ka yi kamu ba ka cire naka zancen ba. Duk layin da tcpdump ya buga sai ya bi ta SSH ya zo maka, shi ma a kama shi a sake bugawa, abu ya yi ta cin kansa. Ka ƙara `and not port 22`.

In saba ce mai cunkoso kuma abin da kake son sani kawai su wa ke ƙoƙarin shiga, su wa ake kora, ga wannan:

```
sudo tcpdump -i eth0 -nn 'port 443 and tcp[tcpflags] & (tcp-syn|tcp-rst) != 0'
```

Amma IPv4 kawai yake kamawa, ka san da haka.

Mataki na 5: kama a fayil, ka sa a maimaita matsalar

Kallo a allo na ɗan leƙe ne. Aiki na gaske a fayil ake yi:

```
sudo tcpdump -i eth0 -nn -w /var/tmp/kamu1.pcap '(host 203.0.113.10 and port 443) or icmp or arp or port 53'
```

Ka fara kamun tukuna, sannan ka ce wa mai kwamfutar ya danna abin da ke ƙi. Amma kafin nan a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗewa, don in haɗin ya riga ya ƙullu kafin ka fara, ka rasa gaisuwar farko, kuma rabin amsar a nan take. A Windows ka yi `ipconfig /flushdns` don DNS ɗin ma ya fito. Ka duba agogo ka rubuta lokacin da aka danna da lokacin da kuskuren ya fito, a nan biron yake shigowa. Da kuskuren ya bayyana ka ba shi daƙiƙa goma sannan Ctrl+C.

Da ya tsaya zai buga layi uku, ka duba na ƙarshen, "packets dropped by kernel". In ba sifili ba ne to kamunka da giɓi, kar ka zargi netwok da ɓatar da fakitin da na'urarka ce ta kasa ɗauka. Ka ƙara matse filta, ko ka ba shi wuri da `-B 8192`, ko ka yanke tsawon kowane fakiti da `-s 128`, kawunan kawai za ka ɗauka, kuma su ne ake buƙata a yawancin matsalar haɗi. Wannan `-s 128` ɗin yana rage yawan sirrin mutane da zai shiga fayil ɗinka. Sai dai in DNS ko DHCP kake bi, ka bar shi cikakke.

Da Wireshark kake kamun kai tsaye? To ka sani filta biyu ce a cikinsa, kuma yarensu daban. Akwatin da ke shafin farko, saman jerin katuna, na kamu ne, irin yaren tcpdump yake ji. Dogon akwatin sama bayan an fara kamu na nuni ne, can `ip.addr == 203.0.113.10 && tcp.port == 443` ake rubutawa. In akwatin ya yi ja, ka sa yaren wancan a wannan.

Mataki na 6: karanta abin da ka kama

```
tcpdump -nn -tttt -r /var/tmp/kamu1.pcap
```

Abin da kake buƙata na ilimi kaɗan ne. Kafin TCP ya aika komai sai an gaisa sau uku: kwamfuta ta ce SYN, saba ta ce SYN-ACK, kwamfuta ta ce ACK. A tcpdump za ka ga `[S]`, sai `[S.]`, sai `[.]`. Bayan nan `[P.]` bayanai ne, `[F.]` sallama cikin mutunci, `[R]` ko `[R.]` kuwa kora ce. Lafiyayyen haɗi haka yake:

```
IP 192.168.88.25.51514 > 203.0.113.10.443: Flags [S]
IP 203.0.113.10.443 > 192.168.88.25.51514: Flags [S.]
IP 192.168.88.25.51514 > 203.0.113.10.443: Flags [.]
```

Yanzu ka gwada naka da waɗannan.

Babu `[S]` ko ɗaya. Kwamfutar ba ta ma yi yunƙurin fita ba. Duba layukan ƙofa 53: an yi tambaya ba amsa, ko amsa ta zo da NXDomain ko ServFail, to DNS ne. Ko ka ga "who-has 192.168.88.1" ana ta maimaitawa ba "is-at", to ba ta ganin rauta, kebul ne ko VLAN ko an saita mata ƙofar fita da ba daidai ba. In ka ga "is-at" guda biyu da MAC daban-daban ga adireshi ɗaya, na'ura biyu ne ke rigima kan IP ɗaya, yawanci wani ya jona ƙaramin rautarsa a ofis. In duk wannan babu, duba ko an saita furoksi a manhajar, tana can tana zuwa wani adireshin.

`[S]` na fita, ana maimaitawa tazarar na ƙaruwa, ba amsa. Wani abu ne ke haɗiye shi shiru, galibi fayawal, ko sabar a kashe take, ko amsar ta bi wata hanya ta ɓata. Daga gefe ɗaya ba za ka iya rarrabewa ba, sai mataki na 7.

`[S]` ya fita, `[R.]` ya dawo nan take. Wannan labari ne mai daɗi, hanya a buɗe take, babu dai abin da ke sauraro a wannan ƙofar, ko fayawal ne ke kora a fili. Je ka saba ka buga `ss -tlnp`, sau da yawa za ka tarar manhajar a 127.0.0.1 kawai take sauraro. Dabara ɗaya: ka ƙara `-v` ka duba TTL (lambar da ke raguwa yayin da fakiti ke tafiya) na wannan `[R.]` ɗin ka gwada da na amsar ping daga sabar. Linux da 64 yake farawa, Windows da 128, kowane rauta ya rage ɗaya. In lambobin sun yi nisa da juna, ba sabar ce ta kore ka ba, wani ne a tsakiya ya ari sunanta.

Gaisuwa ta kammala, sai komai ya tsaya cak. Wannan shi ne ya fi cin rai, kuma shi ya taɓa riƙe ni yini guda a wani ofis. Shafuka da yawa na buɗewa, amma shafin da suke tura rahoto sai ya yi ta juyi, ping lafiya, kamfanin intanet sun ce daga wajensu komai kore ne. Na kama a gefen waje na rauta, gaisuwa uku ta wuce sumul, kwamfuta ta aika buƙatarta, saba ta ce ta karɓa, ƙananan fakiti na isowa, amma lambobin jeri sun nuna akwai manya da saba ta aiko da ba su taɓa isowa ba, Wireshark ma ya rubuta "previous segment not captured". Layinsu PPPoE ne, wanda ke cin bayit 8, don haka MTU ɗinsu, wato iyakar girman fakiti ɗaya, 1492 ne ba 1500 ba, kwamfutocin ciki kuwa suna sanar da MSS (girman bayanan da za su karɓa a fakiti ɗaya) 1460 a cikin SYN kamar hanya cikakkiya ce, saƙon ICMP da ya kamata ya gaya wa sabar ta rage girma kuma wani ya toshe shi a hanya. Gwajin tabbatarwa bai kai minti ɗaya ba: a Windows `ping -f -l 1472 203.0.113.10`, a Linux `ping -M do -s 1472 203.0.113.10`. 1472 da bayit 28 na kawuna shi ne 1500. Ya ƙi, na sauko 1464 ya wuce. Layi ɗaya a rautarsu ta MikroTik ya gyara:

```
/ip firewall mangle add chain=forward protocol=tcp tcp-flags=syn out-interface=pppoe-out1 action=change-mss new-mss=clamp-to-pmtu
```

Da rana tsaka na riga na sa an canja musu kebul biyu a banza, har yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina.

Haɗi na tafiya amma da jan ƙafa. Buɗe fayil ɗin a Wireshark ka sa `tcp.analysis.retransmission`, in sun yi yawa fakiti na zubewa a hanya, ka duba rediyo in da rediyo ake kawo muku layi, ko kebul, ko layin ya cika. Ka gwada `tcp.analysis.zero_window` kuma, wannan na nufin mai karɓa ne ya ce a dakata ya cika, laifin na'urar ne ba na netwok ba. Don ware zance ɗaya, danna dama a kan fakiti ka zaɓi Follow, TCP Stream. In HTTPS ne ba za ka iya karanta abin ciki ba, kuma ba ka buƙata, lokaci da girma da wanda ya fara yin shiru sun isa.

Kar jan layin "checksum incorrect" a fakitin da ke fita daga na'urar da kake kamu a kanta ya tsorata ka. Katin netwok ne ke cike wannan lissafin bayan tcpdump ya riga ya gani. Haka in ka ga fakiti mai girman da ya wuce 1500 nesa ba kusa ba, katin ne zai yayyanka shi daga baya.

Mataki na 7: kama a wuri biyu lokaci ɗaya

In `[S]` na fita ba amsa, ka sa kamu ɗaya a kwamfuta ɗaya a saba, ko ɗaya a cikin rauta ɗaya a wajensa. SYN ya shiga rauta bai fita ba, dokar fayawal ɗinku ce ko hanya. Ya fita bai isa saba ba, tsakiya ne, yanzu kana da abin nuna wa kamfanin intanet. Ya isa saba ba ta amsa ba, fayawal ɗin sabar ne, don a Linux tcpdump na ganin fakiti mai shigowa kafin iptables ya jefar da shi. Saba ta amsa amsar ba ta dawo ba, duba hanyar dawowa, musamman in sabar na da kati biyu ko ofis ɗin na da layin intanet biyu.

Tarko a nan NAT ne, wato yadda rauta ke musanya adireshin cikin gida da na waje. A wajen rauta 192.168.88.25 ya riga ya koma adireshin waje, har lambar ƙofar tushe ma tana iya canjawa, don haka ka yi filta da adireshin saba, kuma don gane fakiti ɗaya a fayil biyu ka bi lambar seq ta SYN, a tcpdump ka sa `-S` ya nuna ta yadda take. Agogon na'urorin biyu ma ka tabbatar suna bin NTP, mai daidaita agogo ta netwok.

Mataki na 8: matsalar da ke zuwa ta tafi

"Wallahi ɗazu yana yi, kana zuwa ya daina." Irin wannan sai dai ka ɗana tarko ka tafi:

```
sudo tcpdump -i eth0 -nn -s 128 -U -C 50 -W 20 -Z root -w /var/tmp/tarko.pcap 'host 203.0.113.10 or icmp'
```

Fayil 20 kowanne megabayit 50, in sun cika ya koma kan na farko, don haka ba zai wuce gigabayit 1 ba. Kar ka taɓa barin `-w` ba iyaka a kan saba, zai cika faifai ya kayar da abin da ka zo gyarawa. `-U` na sa ya rubuta kowane fakiti nan take, in tcpdump ya mutu ba zato ba za ka rasa na ƙarshen ba. `-Z root` kuma don a wasu Linux ɗin tcpdump na sauke matsayinsa bayan ya fara, sai ya kasa buɗe fayil na biyu. Ka gudanar da shi cikin tmux ko screen don kar ya mutu in ka fita, ka kuma roƙi wani a ofis ɗin ya rubuta ainihin lokacin da abin ya faru ya kira ka da wuri kafin a rubuta wani a kai.

Mataki na 9: in babu tcpdump

Windows ɗin da ba a yarda ka sa mata komai ba, akwai pktmon a cikinta tun Windows 10 sigar 1809. Buɗe taminal a matsayin adimin:

```
pktmon filter remove
pktmon filter add Saba -i 203.0.113.10 -p 443
pktmon start --capture --comp nics --pkt-size 0 --file-name kamu.etl
pktmon stop
pktmon etl2pcap kamu.etl --out kamu.pcapng
```

Ba tare da `--comp nics` ba zai kama fakiti ɗaya a kowane zango na cikin Windows, ka ga kamar maimaitawa. Tsofaffin sigogi kalmominsu sun ɗan bambanta, `pktmon help` zai nuna maka.

A MikroTik, leƙe na gaggawa:

```
/tool sniffer quick ip-address=203.0.113.10 port=443
```

Na fayil kuma ka saita `filter-interface`, `filter-ip-address`, `filter-port` da `file-name` a `/tool sniffer set`, ka yi start, ka yi stop, ka ja fayil ɗin daga Files a Winbox. Wurin ajiyarsa kaɗan ne, kar ka bar shi yana gudu. Kuma abin da guntun suwic (switch chip) ɗin cikinsa ya wuce da shi tsakanin ƙofofin gada (bridge) ɗaya ba ya zuwa wajen sinifa, wato mai kamun, don haka in na'urori biyu na cikin gida kake bi kuma ka ga wayam, ka kashe `hw` a ƙofar na ɗan lokaci.

In kuma kana so ka ga na saba mai nisa kai tsaye a Wireshark ɗinka:

```
ssh root@saba "tcpdump -i eth0 -U -w - 'port 443 and not port 22'" | wireshark -k -i -
```

Datarka yake ci, don haka a nan ma filta ta matsu.

Mataki na 10: kwashe kayanka

Ka tabbatar babu kamun da ka bari yana gudu, `pgrep tcpdump` zai nuna. Ka cire madubin suwic, ka mayar da `hw` in ka kashe, ka yi `pktmon filter remove`. Fayil ɗin kuwa kafin ka tura wa kowa ka tace shi ya rage zancen da ake magana a kai kaɗai:

```
tcpdump -r kamu1.pcap -w tura.pcap 'host 203.0.113.10'
```

Duk abin da ya bi ta HTTP, FTP ko Telnet a fili yake cikin fayil ɗin har da kalmar sirri, tambayoyin DNS kuma suna tona duk shafin da mutum ya shiga, don haka kar ka jefa shi a guruf ɗin WhatsApp na ƴan netwok wai a taya ka dubawa. Ka tura tura.pcap ga wanda aikin ya shafa tare da lokacin da ka rubuta a takarda da adireshin biyu, sauran ka goge su daga sabar da laftof ɗinka.